Ɗan Argungu ya je ya ga teku, Kawu ya ce yawon banza ne

Nura Argungu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu cigiyata su daina, na dawo jiya da daddare. Jamhuriyar Benin na je, har bakin teku, wani ƙaramin gari da ake ce wa Gran Popo, dab da iyakar Togo. Kwana 11 zuwa da dawowa, ni kaɗai da jakar goyo guda. Abin da ke cikinta: riga uku, wando biyu, sallaya, gidan sauro, tocila, caja, kilishi da ƙuli-ƙuli. Hotuna na nan tafe in sabis ya bari.

Kawu Ɗanjega: Wa alaikumus salam. Barka da hanya, ɗana. To mi kak kai, mi kak kawo?

Nura Argungu: Kawu ban kai komai ba. Gishiri ƙulli biyu na kawo wa Inna, sai kwakwa.

Kawu Ɗanjega: Ikon Allah. Ni shekara da shekaru ina bin hanyar Kwatano, tun lokacin da aka shigowa da motoci ta ƙasa, kahin a hana a 2017. Na san kasuwar Dantokpa lungu-lungu, na kwana Zongo ban san adadi ba. Teku na nan gehe, ina jin ƙarar ta, amma ban taɓa zuwa in zamna ina kallon ruwa ba. Mutum shi kwashi kuɗin mota shi tahi shi ga ruwa shi dawo? Nan Argungu ruwan ya ƙare?

Hafsat Gusau: Kawu an fara ke nan. Ku bari ya ba mu labari mana tukuna.

Isiya Direba: Ta ina ka bi? Kamba ko Tsamiya?

Nura Argungu: Ta Tsamiya, Malam Isiya. Bagudo, Ka'oje, Tsamiya, na tsallaka Segbana, sai Kandi. Tun juyin mulkin Nijar na 2023 hanyar Gaya da Malanbil ta rikice, ban so in je in maƙale. Na kwana Kandi, washegari Paraku, daga nan na hau babbar bas zuwa Kwatano, sama da kilomita 400, yini guda cur. Daga Kwatano zuwa Gran Popo ba nisa, kilomita 80 da ɗoriya ne ta hanyar da ke zuwa Lome.

Isiya Direba: Ka yi daidai. Amma duk mai son bin sawunka ya ji wannan: arewacin Benin, wajen dajin da ke iyaka da Nijar da Burkina, ba lafiya ƙalau ba ne yanzu. Ba a tafiyar dare, kuma a tambayi direbobi a tasha kafin a tashi. Takardu fa?

Nura Argungu: Fasfo da katin allurar shawara. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza har kwana 90, tun yarjejeniyar 1979. A takarda ke nan. A hanya kuwa akwai wani shinge, ba zan ce ina ba, da aka juya katina gaba da baya kamar ana neman aibin amarya, sai da na yi abin da aka saba yi.

Isiya Direba: Wannan ai kuɗin shayi ne, mu kullum.

Nura Argungu: Shayi ma ya tuna mini. A Kandi na sha shayi da biredi da ƙwai wurin wani Bahaushe, na ce nawa, ya ce dala ɗari. Na miƙa masa sefa 100 ina murna abu da araha. Ya dube ni ya ce, "Daga Najeriya kake ko?" Ashe dala ɗaya sefa 5 ce, dala ɗari sefa 500, jikka kuma 1000. Har na dawo sai na yi lissafi da yatsu kafin in biya.

Kawu Ɗanjega: Ka gani ko. Da ka tambaye ni da na hwaɗa maka kyauta, ba sai ka kashe kuɗin mota ba.

Basarken Yauri: Ni tambayata ɗaya ce. Ɗan Matan Fada, ka shiga ruwan ko tsoro ya hana?

Nura Argungu: Na san kai za ka tambaya. Na shiga, kuma ba zan ƙara ba. Bari in faɗi gaskiya ko da za ku yi mini dariya har shekara.

Na isa da la'asar sakaliya. Garin dogo ne siriri, hanya guda, teku a kudu, kogin Mono da fadamarsa a bayan gari. Na sami ɗaki a wani ƙaramin masauki mai rufin ciyawa cikin itatuwan kwakwa, na ajiye jaka na nufi gaɓa. Abin da ya fara kama ni shi ne rashin tsallake. Mu duk ruwan da muka sani yana da wancan gefe, ko a Yauri inda Kwara ta buɗe kana hango wani abu. Nan babu. Ruwa ne har ya haɗe da sama, ga ƙara kamar ana sauke tifar dutse ba hutawa.

Washegari da hantsi na ce ni da na tashi ina iyo tun ban shiga firamare ba, me zai gagare ni. Na shiga iya gwiwa, na ƙara iya ƙugu. Igiyar da ta zo ba ta ba ni tsoro ba, komawarta ce matsalar. Rairayin da nake tsaye a kai ya zare daga ƙarƙashin ƙafata kamar an ja tabarma, na faɗi, ta biyu ta rufe ni, na sha ruwan gishiri har ta hanci. Da na ɗago sai na ga gaɓa ta yi nisa. Wasu masunta biyu ne suka rugo suna ihu da yarensu, ɗaya ya shigo ya cafki hannuna. Da muka fito dattijonsu ya yi ta yi mini faɗa, ban ji kalma ɗaya ba amma na gane komai.

Basarken Yauri: Wayyo cikina! Bakabe guda an tsamo shi kamar kaza ta faɗa rijiya. Iya ruwa fid da kai, malam.

Hafsat Gusau: Subhanallahi, wannan ba abin dariya ba ne. Inna ta sani?

Nura Argungu: Ba ta sani ba, kuma duk wanda ya kai mata ni da shi ne.

Basarken Yauri: Wasa gefe, Allah ya kiyaye gaba. Abin da ya same ka sananne ne a wannan gaɓar gaba ɗaya, daga Legas har Gana. Kogi gefe guda yake tafiya, in ya ɗauke ka sai ka bi shi a karkace har ka kama gaci. Teku kuwa ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, sai ya sami wata 'yar hanya ya koma ta nan da ƙarfi, kamar kwalbati. Wanda ya faɗa ciki in ya ce zai yi iyo kai tsaye zuwa gaɓa, ƙarfinsa zai ƙare. Ana bin gefe ne, a yi iyo a tsawon gaɓar har a fita daga hanyar ruwan, sannan a juyo. Kuma gaɓar can tana da gangare, taku biyu ka zurma. Su kansu 'yan garin ka ga suna wanka a ciki?

Nura Argungu: Ko ɗaya. Yara a kogin Mono suke iyonsu. Sai daga baya na lura.

Kawu Ɗanjega: To kun ji. Kuɗi sun tahi, rai ya kusa bi.

Nura Argungu: Kawu bari in faɗi abin da ya biya ni kuɗin motata. Kamun kifinsu. Da asuba kwalekwale ke fita da taru mai tsawon gaske, ya zagaya cikin teku ya dawo da bakin igiya gaɓa. Sai mutane su kama, layi biyu, maza da mata da yara, suna ja da baya da baya, na ƙarshe ya saki ya koma gaba. Akwai mai ba da waƙa, akwai mai kaɗa ƙarfe, kowa na taku a kan kiɗa. Sa'o'i ake yi ana ja. Rana ta uku na kasa haƙuri na kama igiyar, ba wanda ya ce mini don me. Tafin hannuna ya yi ruwa. Da taru ya fito aka ware na mai jirgi da na ma'aikata, mata masu saye suka cika kwanoninsu, sannan duk wanda ya taɓa igiya aka ba shi ɗan rabonsa. Ni ma aka zuba mini ƙananan kifi a leda. Wanda ya zuba mini shi ne wanda ya tsamo ni.

Mu a bikin kamun kifin Argungu a kogin Matan Fada kowa da homarsa da gorarsa, a buga bindiga a ruga, wanda ya kama giwan ruwa mafi girma sunansa ne zai fito. Tun 1934 haka ake bikin. Can kuwa mutum ɗaya ba ya iya komai da wannan tarun, ko sarkin ƙarfi ne. Na tsaya ina tunanin yadda ruwa ke koya wa mutanensa hali.

Basarken Yauri: A nan kam ban yarda ba. Biki daban, sana'a daban. Kai ranar gasa kake kallo. Zo Yauri ka ga Sarkawa suna jan taru, mu ma taron dangi muke yi masa. Kada ka je kwana 4 ka dawo kana raina na gida.

Nura Argungu: Na karɓi gyara. Amma waƙarsu ta fi taku daɗi.

Basarken Yauri: Kunnenka ne ruwan gishiri ya toshe.

Malam Sani Gwandu: Ina biye da ku. Nura, yaya ka yi da salla da abinci? Wannan yanki an san shi da bautar gargajiya.

Nura Argungu: Allah gafarta Malam, a hanya na yi ƙasaru. A Gran Popo da na yi niyyar kwana 4 cikakku sai na cika. Alƙibla ba wuya, in ka sa teku a hannun dama ka ɗan karkata hagu ka samu, na kuma gwada da waya. Wata rana ruwan masauki ya ɗauke na yi alwala da na teku, ina ɗan shakka.

Malam Sani Gwandu: Babu shakka a ciki. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Mun karanta shi a zaure tun muna yara, a garin da ba wanda ya taɓa ganin teku. Kai ka riga malaminka aiki da shi.

Nura Argungu: Abinci kuwa kifi na riƙe, da tuwon masara da wani abu kamar kafa da suke naɗewa a ganye, akasa. Nama ban taɓa ba sai wurin mai tsire, shi ma da na ji Hausa a bakinsa, Bazabarme ne daga wajen Doso. Ana sayar da alade a fili, akwai kuma giyarsu ta gargajiya, sodabi, fara tas kamar ruwa. In an miƙo maka ƙaramin kofi don karamci, ka sa hannu a ƙirji ka yi godiya.

Anti Balki: Nura ƙanena, ka ce ka bi hanyar Lome. Kada ka ce mini ka wuce Wida ba ka tsaya ba, don in haka ne ni ma zan koma bayan Kawu.

Nura Argungu: Na tsaya Anti, a dawowa, yini guda. Na taka hanyar bayi da ƙafa daga cikin gari zuwa gaɓa, kusan kilomita 4, 'yan kabu-kabu na ta yi mini hon na ƙi hawa. A ƙarshenta akwai wata babbar ƙofa da aka gina a 1995, suna kiranta ƙofar da ba a dawowa. Na ɗauki hoto, amma gaskiya ban ji wani abu sosai ba. Na ɗauka tarihin mutanen can ne.

Anti Balki: To zauna, yau aji ya zo maka har waya. Ba tarihinsu su kaɗai ba ne. Wida na cikin manyan tashoshin da aka yi lodin bayi a Afirka ta Yamma, ta shiga ƙarƙashin sarakunan Dahome a 1727. Gidan da Turawan Fotugal suka gina a can a 1721 bai bar hannunsu ba sai 1961, bayan ƙasar ta sami 'yanci. Yawancin jiragen da suka tashi daga nan Bahiya suka nufa, a Barazil. Bayan an fara jihadi a 1804, yaƙe-yaƙe suka yawaita a ƙasar Hausa, kamammu daga kowane ɓangare aka riƙa gangarawa da su kudu hannu zuwa hannu har bakin teku. Hausawa suka yi yawa a Bahiya har suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. A Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salbado, yawancinsu Yarbawa, da Hausawa a ciki. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu da rubutun Larabci.

Ka san irin yaƙin da aka sha tsakanin Kabi da Gwandu shekara da shekaru. Ba ni da sunan kowa, amma ina jin nauyin cewa cikin waɗanda suka taka wannan rairayin da ka taka akwai mai jin yaren da muke rubutu da shi yanzu, wanda shi ma bai taɓa ganin ruwa marar tsallake ba sai ranar. Kai ka shiga iya ƙugu don ganin dama ka firgita. Shi a ɗaure aka sa shi kwalekwale aka keta wannan igiyar da shi.

Nura Argungu: Anti wallahi jikina ya yi sanyi. Da na san wannan kafin in je da ba haka zan tsaya a wurin ba.

Kawu Ɗanjega: Hajiya Balki, wanga zance na da nauyi. Ban taɓa jin shi ba, kuma na ratsa Wida cikin mota ya hi sau talatin.

Malam Sani Gwandu: Allah ya jiƙan Musulmin da suka rasu a can. Amma a yi hattara da yadda ake ɗora wa jihadi wannan, malama. Shehu da almajiransa sun yi rubutu suna hana bautar da Musulmi ɗa, yana ma cikin abin da suka zargi sarakunan Haɓe da shi.

Anti Balki: Haka ne Malam, sun rubuta, ban musa ba. Abin da aka rubuta daban, abin da yaƙi ya haifar daban. Shi ya sa na ce daga kowane ɓangare. Wasu daga cikin waɗanda aka kai Barazil ma sun dawo bayan 1835, zuriyarsu ake kira Aguda, babban masallacin Porto Nobo da fasalin ginin Barazil aka yi shi, in ka gan shi sai ka rantse coci ne.

Malam Sani Gwandu: Wannan sai mun zauna, ba ta waya ba. Nura, an ce akwai ɗakin da ake bauta wa macizai a garin. Ina fata ba ka shiga ba.

Nura Argungu: Yana nan, daura da babban cocin Katolika, ƙofa na kallon ƙofa. Na tsaya daga waje. Na ga baƙi ana rataya musu mesa a wuya suna hoto. Ko ba don addini ba, Malam, ni da maciji sai dai a lahira in an tilasta.

Hafsat Gusau: Ni duk labarin nan abu ɗaya nake son ji. Da dare fa? Kana fita?

Nura Argungu: Ina fita. Bayan isha'i nakan zauna a rairayi har sha ɗaya, ba kowa sai ƙaguwa suna gudu in ka haska tocila. Mai masaukin dai ya ce kada in yi nisa da waya a hannu, akwai 'yan fizge kamar ko'ina. Daren farko na farka a firgice, na ɗauka ƙarar babura ce, ashe igiyar ruwa ce.

Hafsat Gusau: Ka ga abin da nake nufi. Mu nan ƙarar babura da dare ba ta zama igiyar ruwa. Garin kakannina bai kai awa biyu daga Gusau ba, rabona da shi shekara 4. Kawu na cewa yawon banza, ni kuwa mutum ya ɗau jaka ya kama hanya don kawai yana so, ya kwana inda dare ya yi masa, ban san abin da ya fi wannan daɗi ba. Ina karantawa ina jin kishi, ba zan ɓoye ba.

Kawu Ɗanjega: Allah shi kawo muna ƙarshen wanga bala'i, ɗiyata. Ban ce tahiya ba ta da kyau ba. Kakanninmu sun tahi Gwanja da jakkai sun ɗauko goro, almajirai sun tahi gabas, 'yan ci-rani sun cika Kumasi. Duk zangon da kag gani bakin teku su sunka kahwa shi. Amma kowanensu da abin da yat tahi nema. Ni abin da ban ganewa shi na tahiya ba buƙata.

Anti Balki: Kawu, su ma da suka dawo ba goro kaɗai suka sauke ba, da labari suka zo, shi ya sa har yau muke zancensu. Kai ka je sau talatin ka kawo mota, yaron nan ya je sau ɗaya ya sa ka ji abin da ba ka taɓa ji ba.

Kawu Ɗanjega: Ke kis sa ni ji, ba shi ba. Shi ruwa yash sha.

Basarken Yauri: Kawu ya ci wannan zagayen!

Nura Argungu: Na sallama. Basarke, ga wani da zai shafe ka. Tsohon garin, wajen da Turawa suka yi kantuna da ofisoshi, teku ya cinye yawancinsa, saura kangaye. Wani malamin makaranta mai ɗan jin Turanci ya ce mini rairayin gaɓar daga yamma yake tafiya zuwa gabas, to madatsun ruwa irin Akosombo ta Gana sun tare wanda koguna ke kawowa, tashar jiragen ruwan Lome ta tare saura, sai teku ya koma cin ƙasa.

Basarken Yauri: Mu za a gaya wa aikin madatsa? Kainji da aka gama a 1968 ita ta tashi Gungawa daga tsibiransu. Kakata har ta rasu tana nuna tsakiyar ruwa tana cewa ga gidansu can.

Isiya Direba: To ni dai in akwai masu zuwa bayan babbar salla, mutum 6 sun cika mota, in kai ku Tsamiya ku tsallaka. A nemi katin shawara da wuri, allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki.

Anti Balki: Sa sunana da na maigidana. Wida zan sauka, ku wuce ku sha ruwan gishirinku.

Kawu Ɗanjega: Nura, gishirin nan da kak kawo, na ina ne?

Nura Argungu: Na wani ƙauye ne kusa da Wida, Jegbaji. Mata ke kankare ƙasar fadama su tace ta da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙone ya bar gishiri.

Kawu Ɗanjega: Nawa suka sai da buhu?

Hafsat Gusau: Kawu!

Kawu Ɗanjega: Tambaya ɗai niy yi. Isiya, kujerar gaba ta wa ce?